Takardu Biyu, Allura Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya ke nan mai ba da magani tana zaune bayan taga a ƙaramin asibitin unguwa, amma bana kanta ya kulle. Sanarwar da aka manna a bango ta ce an ninka kuɗin da gwamnati ke warewa don maganin yara. Kwalin da ake kawo mata kuwa, wanda a da sai mutum biyu sun kama, yanzu direba ke shigowa da shi a hammata.

Ta tambayi akawu.

"Kuɗin ya ƙaru mana," in ji shi. "Farashi ne ya fi shi gudu."

"To an ƙara ke nan ko an rage?"

Ya sosa ƙeya. "Duka biyun, Anti."

Ranar Talata da hantsi takardu biyu suka shigo ta tagar kusan tare, duka na allurar ciwon huhu. Ɗaya a hannun wani tela, da zare maƙale a rigarsa, ɗansa wata takwas. Ɗaya a hannun wata tsohuwa mai goye da jikanya. Kwalba ɗaya tak ta rage a kan kanta.

Ta dubi kwalbar, ta dubi hannuwan. Na tela ne ya riga taɓa katakon tagar, sai ta miƙa masa.

"Iya, ki yi haƙuri. Tsallaka titi, akwai kemis."

"'Yar nan, ba rediyo ya ce na yara kyauta ne ba?"

"Kyauta ne, Iya. Babu ne kawai."

Tsohuwa ta juya ta fita. Ba a jima ba ta dawo tana haki: abin da ta ƙulle a bakin zane farashin makon jiya ne, mai kemis ya ce ya tashi. Mai magani ta zuge jaka ta cika mata da kuɗin motarta. Ranar a ƙafa ta koma gida.

Washegari nas ta leƙo karɓar auduga, ta ce yaron tela ya rasu. An makara kawo shi. Uban ya yi kwana huɗu yana haɗa kuɗi, don bai yarda akwai abin kyauta a asibiti ba. Jikar tsohuwa kuwa ta samu sauƙi, har ta fara ƙwace cokali.

Mai magani ta zauna jagwab. Ta rasa ko godiya za ta yi ko kuka. Da ta ba yarinyar kwalbar fa? Da yaron ya zo tun Juma'a fa, lokacin da akwai guda shida?

Bayan kwana uku tela ya zo tagar, idanunsa jajur.

"Na zo ne in yi godiya, Anti. Kin yi iya yinki."

Da ƙyar ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam."

Ya matsa gefe, don layi ya riga ya kai bakin ƙofa.