Idon Hagu na Yaya

Sau huɗu ina ɗaukar Yaya hoton lasisin tuƙi a shagona, sau huɗu idonsa na hagu yana fitowa rabi a rufe.

"Yaya, buɗe idon mana, ba kwarkwasa ka zo yi ba."

"A buɗe yake. Kyamararki ce dai ta tsufa."

Na jawo hoton kusa a kwamfuta. Fatar idon ta sauko, baƙin tsakiyarsa kuma ya fi na dama girma. Nan take wasa ya fita daga raina. Na tambaye shi ko kansa na ciwo. Ya ce shekaranjiya ne kawai, yana wanke tasinsa ya ji kamar an sara masa gatari a ƙeya, ya yi amai, ya sha magani ya kwanta. Tun daga nan yake ganin abu bibbiyu. Yana faɗa yana laluben sigari a aljihu, mutumin da maganin hawan jininsa ya ƙare tun watan jiya.

Haka Mama ta yi mana. Ta ce kanta, muka ba ta magani, na ja mata ƙofa don ta huta. Bayan ta rasu aka gaya mana jijiyar jini ce ta kumbura a kanta har ta fashe. Har yau ban yafe wa kaina jan ƙofar nan ba.

Na ɗauke makullin motarsa daga tebur na jefa a jaka.

"Auta, fasinja na jira na."

"Su jira. Ko shekara goma za ka yi kana fushi da ni, na yarda, amma asibiti za mu yanzu."

Ya yi faɗa har bakin titi. Na cusa shi a tasin wani, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

A asibiti hoton kai ya nuna kumburin jijiyar, har ya fara ɗigar jini. Likita ta ce yau za a yi aiki, sannan ta juyo ta dube ni.

"Uwa ɗaya kuke? Ga mahaifiya, ga ɗan'uwa. Ke ma sai mun duba ki."

Tsoro ya kama ni. Na fara kame-kame wai na bar shago a buɗe. Yaya ya miƙo hannu daga kan gado ya riƙe nawa.

"Ba zan sa hannu a takardar aikin nan ba sai kin ba su sunanki."

Na karɓi biro a hannun likita, na rubuta.