Waliyyin Hannatou

A'a, Nafiou, kar ka kashe wayar nan, yayarka ke magana. Kuma bar kawo min zancen aiki. Jebel Ali da kake aiki ba bangon duniya ba ne, ranar Juma'ar ɗaurin auren ofishinku a rufe yake, na tambaya. Hannatou 'yar ƙaninka Abdou ce, kai ne waliyyinta. Yaushe a gidanmu uba ya taɓa ba da auren 'yarsa da bakinsa, wansa yana raye? Dangin ango sun sauka daga Damagaram, suna nan unguwar Naif, jiya ma sun tambaye ni ina baffan yarinya. Na ce kana mura.

Na sani, na sani. Abdou ya ce maka bawan jari-hujja. Ina wurin, ni na zuba muku tuwon ma. Kai kuma ka ce ya baro Allah a Mosko. Tun Baba yana da haƙora ake wannan magana.

Ni dai abin da idona ya gani, gwamnati ta raba ku karatu kamar rabon goro, wannan Rasha, wancan Amurka. Da hannun mai rabon ya goce, da kai ne ka dawo da ƙatuwar hular gashin nan cikin zafin bazara. Kuka zauna tsakar gida, shi da rediyonsa, kai da naka, kowa na ƙure wa ɗan'uwansa murya. Su masu faɗan, Rasha da Amurka, ko mari ba su yi wa juna ba, sai dai su aika bindigogi Angola, 'ya'yan wasu su mutu. Can aka ce sun rushe katangarsu, khalas, shi ke nan, kowa ya kama kasuwarsa. Ku ne dai aka manta ba a aiko muku da labari ba.

Yanzu ɗan gurguzun yana unguwar Ras Al Khor yana sayar da kayan mota, ko ni ba ya yi wa ragi. Kai mai jarin kuma kana jiran albashi.

Sai ya fara ba ka haƙuri? To, madalla, ban matsa maka ba, zauna abinka. Akwai Rustam, abokin karatunsa mutumin Tashkent ta tsohuwar Sobiyet, shagonsu ɗaya. Musulmi ne, ya ce zai karɓi walicci da murna, har babbar riga ya aro. Sai dai a ji a Damagaram cewa Sobiyet ce ta ba da auren jikar Babanmu Malam Ɗalhatu, Amurka tana kwance da mura.