Dada Ba Ta Waƙa Sai da Saniya

Duk abin nan Malam Suhaibu ne ya jawo shi, shi da wata mawaƙiya 'yar ƙasar Ailan da ko a mafarki bai taɓa gani ba.

Teburinsa na kallon nawa a ofishinmu na Tambuwal, inda muke aikin akawu. Tun da safe zai kunna waƙar matar nan a waya, murya a hankali kamar mai lallashin jariri, ba kalangu ba ganga. Waƙar ban ƙi ta ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne lambobin yabonta, waɗanda ya haddace fiye da sunayen 'ya'yansa.

"Malama Jamilatu, matar ga ba ta yawon wasa gari-gari," in ji shi. "Ɗaki taka shiga ta yi waƙarta. Amma lambobin yabo sun cika mata gida. Har jami'a ta ba ta digirin girmamawa."

Ranar nan tura ta kai bango. Na ce, "To sai mi? Dada ta fi ta murya, kuma ko ƙyallen share zufa ba a taɓa ba ta ba."

Na manta da wanda nake magana. Suhaibu shi ne sakataren wata ƙungiyar raya al'adu da ke raba lambobin yabo duk shekara. Ya ce in kawo ta taron bana. In ta yi waƙa gaban jama'a, lamba tata ce.

Dada mahaifiyata ce. Sunanta Batula, a Kebbe take, gidan noma da kiwo. Ni ce 'yarta ta fari, don haka kunya ta shiga tsakaninmu tun ban san kaina ba. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido. In na sayo mata atamfa, mako na zagayowa zan gan ta jikin ƙanwata Adawiyya. Na san al'ada ce, ba ƙiyayya ba, amma abin na cin raina. So nake sau ɗaya a duniya in yi mata abin da za ta karɓa ta riƙe.

Asabar na hau mota sai Kebbe. Na zayyana mata komai gaban yayanta, Kawu Lauwali, don na san ba ni za ta ba amsa ba.

"Yaya, gaya ma waccan ni ba mawaƙiya ba ta," in ji Dada, tana kallon wata saniya cikin garke. "Nagge nika ma magana in ina tatsa. Hannu ka tafiya, baki na biya. In babu nagge, mi za ni cewa?"

Kawu ya ce, "In an kawo miki nagge fa?"

Ta yi dariya. "In an kawo, to." A zatonta babu mahaukacin da zai kai saniya wurin taro. Ba ta san Suhaibu ba.

Da na gaya masa sharaɗin, har tsalle ya kusa yi. Ya ce in bar komai hannunsa. Ya aro saniya mai shayarwa wurin wani Na'iya da ke bayan kasuwa, ya sa aka wanke ta da sabulu, aka ɗaura mata jan ƙyalle a wuya.

Ranar taro da hantsi fili ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, manyan baƙi na ta fifita da takardar tsarin taro. Ni kuwa na ci ado da farin leshin da na yi wata uku ina ɓoyo. Mai gabatarwa ya kira sunan Dada a lasifika, har da ƙara mata Hajiya. Ta fito da ƙwaryarta, ta zagaya saniyar sau ɗaya, ta shafa mata tozo. Sai ta tsaya.

"Ina ɗan?"

Suhaibu ya matso. "Maraƙin? Ai mun baro shi gida, Dada. Ba shi cikin tsarin taro."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shanunmu ba sa sakin nono sai ɗan ya fara tsotsa. Yarinyar da ba ta iya ɗaura zane ba ta san wannan a Kebbe. Ni ma na sani, amma shekara goma sha biyu na buga hatimi sun goge mini shi sarai.

Suhaibu bai karaya ba. Ya ce yana da maganin da zai kwantar wa saniya hankali. Ya kanga wayarsa a bakin lasifika, muryar Baturiyarsa ta cika fili. Saniyar ta saurara kamar da gaske, sannan ta ɗaga wutsiya ta ba da amsarta gaban manyan baƙi. Mutane suka bushe da dariya. Ni ban yi ba, don na ga Dada ta kife ƙwarya tana gyara mayafi. In ta juya, shi ke nan, ko sarkin duniya ba zai dawo da ita ba.

Ban san lokacin da na tare mai kabu-kabu ba. Muka keta kasuwa zuwa gidan Na'iya. Maraƙin ɗan kwana ashirin ne, amma ƙarfi kamar na aljani. Na rungumo shi bisa cinya, yana shuri yana kuka, mai babur na ta salati. Kafin mu iso, ɗankwalina ya tafi abinsa, takalmi ɗaya ya bi shi, farin leshi kuwa Allah ya jiƙan rai.

Haka na shiga fili. Dada ta dube ni, tun daga kai har ƙafar da ba takalmi. Ta karɓi maraƙin ta sake shi, ya tsotsa, ta janye shi ta ɗaure kusa da uwar. Ta tsuguna, ta ba manyan baƙi baya, ta sa ƙwarya tsakanin gwiwoyi.

Ƙarar nono cikin ƙwarya ce ta fara, sannan murya ta biyo. Tana lallashin saniyar, tana ba ta haƙuri kan sabulu da jan ƙyalle, tana yi mata alkawarin ciyawar fadama. Mai gabatarwa ya durƙusa ya miƙa lasifika ta ƙarƙashin cikin saniya. Na ga wani tsohon malamin asibiti na share ido da hula. Suhaibu da kansa ya kashe wayarsa ya sa aljihu.

Da ta gama, shugaban ƙungiya ya miƙa mata lambar, katako mai sheƙi da sunanta a jiki. Ta juya shi gaba da baya, ta soke a hammata. Adawiyya ta taso kamar yadda ta saba, ta miƙa hannu za ta karɓa.

Dada ta goce. "Bari. Wagga ba ta bayarwa ba ta. An sha wuya kanta."

Shugaba ya gyara babbar riga yana jiran a ba shi nono ya sa albarka. Dada ta wuce shi da ƙwaryar. Ba ta ce Kawu ya miƙo mini ba. Da hannunta ta sa mini ita a hannu, idonta na kan saniya.

"Sha," ta ce. "Kin yi gudu."

Na kafa kai na sha, da ɗuminsa, hawaye na zuba ciki.