Gyambon Jakin Barmo

Likitan dabbobi ya ɗaga akumarin, sai ƙudaje suka tashi. Yasin yana zaune bisa babur ɗinsa na kabu-kabu a bakin kasuwar Gidan Rumji, ya ga maƙwabcinsa Barmo ya sunkuyar da kai kamar shi aka yaye wa riga. A gadon bayan jakin akwai gyambo, faɗin tafin hannu, an laɓe shi da baƙin man inji.

Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce duk jakin da ke jan amalanken haya sai an duba shi kafin a sabunta masa lamba, mai rauni kuwa ba ya aiki sai ya warke. Ya ce baƙin man nan shi ke hana wurin haɗewa. Barmo ya ce da shi ubansa ya yi jinyar jakuna har ya bar duniya, kuma babu jakin da ya taɓa kai ƙara. Masu amalanke suka yi dariya, ban da likitan.

"Baba, in ka sake ɗaura mashi amalanke, ba zai ga damina ba."

Ya cire lambar daga jikin amalanken, ya ba shi kwalbar wani shuɗin magani, ya ce ya dawo in fata ta rufe.

Ruwa Barmo ke sayarwa. Daga famfon ƙarshen unguwa yake jawo bido-bido, wato jarkokin ruwa, zuwa gidaje da wurin masu shayi, da abin nan shi da matarsa Kadi suke ci. Duk gidan da ya yi fashi, gobe wani ya gaje shi. Da yamma Yasin ya leƙo ta katanga, ya ba shi shawarar da kowa ke bi: ya ɗaura da sassafe, ya bi lungu, kafin ma'aikata su fito ya gama. Barmo ya daɗe yana kallon jakin.

"Ba tsoronsu nake ji ba, ɗana. Kowace safiya ni nake rufe wurin nan da hannuna don kar in gani. Yau an sa na gani."

Washegari ya ɗaure jakin gindin dogon-yaro, ya wanke gyambon, ya shafa shuɗin. Sannan ya shiga tsakanin hannuwan amalanken da kansa, ya rataya igiyar a kafaɗa. Bazara ce, rairayin unguwar kuwa yana haɗiye taya. Abokan sana'a suka riƙa tsokanarsa, ko shi an duba bayansa, ko ya amso lamba. Yakan ce su bari ya yi ƙiba tukuna, yanzu ba zai ci jarrabawar ba. In Yasin ya gamu da shi yakan jingine babur ya tura masa, amma da ya ce bari ya riƙa kai masa bidon da babur, tsohon ya ƙi, wai kar ya ƙona mansa a banza.

Haka aka tafi kwana da kwanaki. Jakin ya fara murmurewa, gashinsa ya kwanta. Barmo kuwa dariyar ta fara yi masa wuya, yana tsayawa hutu inda da can ba ya tsayawa.

Wata rana da hantsi Kadi ta kira Yasin ta katanga, ta ce ya zo ya ga babansa Barmo. Ya same shi kwance bisa tabarma, jiki kamar garwashi. Da ya zo ɗaga shi ya kama kafaɗar, tsohon ya yi ƙara. Yasin ya janye rigar. Igiya ta ci naman har ya ruɓe, kuma wurin baƙi ƙirin, yana warin man inji. Kadi ta ce ta roƙe shi ya shafa ko ɗan shuɗin nan ne, ya ce na jaki ne, ba zai ishe su su biyu ba.

Yasin ya goya shi a babur zuwa gidan likita. Suka wanke, suka yi allura, suka ce ciwon ya riga ya shiga jini. Barmo ya ce a maida shi gida.

Ranar da zai cika, ya sa aka jawo jakin bakin ƙofar ɗaki. Idonsa ba ya gani sosai.

"Ya haɗe?"

"Saura kaɗan, Baba."

"To. Ran kasuwa ka kai shi. Ka amso lambar, ka ba Kadi."

Bayan la'asar ya rasu. Masu amalanke suka zo jana'iza, babu mai iya kallon wani.

Ran kasuwa Yasin ya kai jakin. Likitan ya shafa bayan, ya ga fata ta rufe, farin gashi yana tsirowa a tabon. Ya ce madalla, tsohon ya yi ƙoƙari, ina yake? Yasin ya faɗa masa. Likitan ya tsaya riƙe da lambar, sannan ya miƙa masa da hannu biyu.

Kadi tana cikin takaba ta karɓa, ta juya ta, ta ajiye bisa randa. Babu mai ɗaura amalanken. Gidajen da Barmo ke kai wa ruwa duk sun kama wasu. Masu sayen jakuna don fata sun zo gaisuwa, gaisuwar tasu ta fi tsawo a gindin dogon-yaro. Da suka taya jakin, Kadi ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, Yasin kuwa ya san abin da ya rage a tukunyarta.

Da safe ya fito da babur, ya ga igiyar jakin a yashe. Ya bi sawu cikin rairayi har famfo. Jakin yana can tsaye a layi, inda Barmo ya saba tsayawa, bayansa babu komai sai farin tabon nan. Mata suna kewaye shi da bidonsu, babu wadda ta kore shi.