Buhu Goma Sha Shida na Kanwa

Shanu bakwai Manu ya sayar ya sayi a-kori-kurar. Tsohuwa ce fara, ƙofar direba ma sai an ɗaga ta take rufuwa. Ranar da ya shigo da ita rugarsu a gefen Sule Tankarkar, yayansa Sajo ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce:

"Shanunka ne, ban hana ka ba. Amma in ta mutu, ko ɗan maraƙi ba za a sake fitarwa daga garken nan ba."

Wanda ya sayar masa da motar ya koya masa abu ɗaya. In ana lodi, ya riƙa cusa yatsu huɗu tsakanin tayar baya da bodi. Muddin suna shiga, a ƙara kaya. Lokacin zoɓo wannan awo bai taɓa ba shi kunya ba, don zoɓo tudu ne da shi, ba nauyi. Da zoɓo ya wuce aka koma gero da kanwa, tun a buhu na tara yatsun suke ƙin shiga. Wani mai walda a Maigatari ya ce wannan ai ba matsala ba ce, ya ƙara mata faifan sifirin uku-uku kowane gefe. Daga ranar motar ta miƙe tsaye, ko an ɗora mata buhu goma sha biyar ba ta zama.

Sai dai mai. Galan biyu da ke kai shi Gumel ya dawo da saura, yanzu uku ma da kyar. Ya yi faɗa da mai sayar masa da fetur, ya koma wurin wani, duk ɗaya.

Wata Alhamis da hantsi ya taso daga kasuwar Maigatari da kanwar Alhaji Siddiq, buhu goma sha shida, za a kai Gagarawa Tasha kafin la'asar. Da ya iso Gumel sai ya ratse garejin Ilu, tsohon bakanike, Bamange, wanda ba ya ganin Bafulatani ya ƙyale shi bai tsokane shi ba, don abokan wasa ne.

"A'a, bawana ne da kansa! Yau kuma nono aka kawo mini a mota?"

"Kai dai tashi ka yi aiki, ubangidanka ya zo. Kafireta za ka duba mini. Mai take sha kamar raƙumi ya samu rijiya."

Ilu bai buɗe gaban motar ba. Ya saurari labarin duka, har na masu fetur, yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ɗauki buta ya zagaya baya, ya ɗiga ruwa a kan ƙarfen tsakiyar tayar. Ruwan ya yi cuu, ya tashi tururi.

"Zo ka taɓa."

"Na ji da kunnena."

Ilu ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe. Da ya ɗago, wasan ya bar fuskarsa.

"Wa ya ƙara maka sifirin?"

Manu ya faɗa masa, har ya cusa yatsunsa a saman tayar ya nuna. "Duba, har da sauran wuri. Mu fa mun san dabbar kaya, Malam Ilu. Takarkari in kaya sun fi ƙarfinsa durƙusawa yake. Wannan ko russunawa ba ta yi ba."

"To in ka ɗaure masa itace a ƙafafu yadda ba zai iya durƙusawa ba fa? Ƙarfi ka ƙara masa?"



Ilu ya buɗe ƙofar direba, ya tofa yawu a tsumma, ya goge wani ɗan faranti da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar. Shekara guda Manu yana shiga yana fita, bai taɓa lura da shi ba.

"Waɗanda suka ƙera ta ne suka rubuta. Kilo dubu biyu da ɗari biyar. Amma ba na kaya kaɗai ba ne, har da nauyin ita kanta motar, kuma ita ta cinye dubu ɗaya da ɗari biyar. Saura dubu. A cikin dubun nan akwai kai, da man da ke tanki, da safayar taya, da duk wanda ka rage wa hanya. Buhun kanwar nan kilo nawa ne?"

"Ɗari. Wani ya ɗara."

"Ka ga buhu tara ke nan, in an yi maka adalci. Sifirin ka ƙara. Birki na da ne, taya ta da ce, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya na da ne, ga shi har ya fara zubar da baƙin mai. Injin kuwa ba ya satar maka fetur, jan abin da ba nasa ba yake yi, ga yashi."

"Yau ɗaya dai, in lallaɓa ta zuwa Gagarawa?"

"Tana iya kaiwa. Tana iya karyewa kafin ka fita gari. In ƙarfen nan ya tsinke kana gudu da wannan kayan, ba gyara za a kawo mini ba, 'yan gwangwan za a kira."

Manu ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya ciro waya ya riƙe ta wani ɗan lokaci kafin ya kira.

"Alhaji, barka da kasuwa. Kayan nan sawu biyu zan yi musu." Ya nisanta wayar daga kunnensa, muryar Alhaji Siddiq tana fitowa har inda Ilu yake. "Na sani, Alhaji. Na san motar Cindo tana ɗaukar buhu ashirin... To. To, ba komai. Na yau dai zan kai, in sha Allahu. Na mako mai zuwa a ba shi."

Ya mayar da wayar aljihu, ya tuɓe rigarsa ya rataye a madubi, ya hau bayan motar ya kwance igiya. Shi kaɗai ya sauke buhu bakwai, yana jingina su a bangon garejin. A na biyar ya tsaya yana haki, farin garin kanwa ya rufe masa wuya. Ilu ya miƙa masa ruwa a kofin roba.

Suka jira ƙarfen ya huce, Ilu ya ƙara masa baƙin mai.

"Gobe da safe ka kawo ta wayam, in cire faifan nan, in sake maka abin da ya ci."

"Wa zai duba mini waɗannan kafin in dawo?"

"Kanwa ce fa. Ba mai sha'awarta sai saniya da mai saniya, kuma ga shi za ka tafi."

Manu ya yi 'yar dariya, ta farko tun zuwansa. Ya tayar da motar, ya hau titin Gagarawa a giya ta biyu, wani mai keke napep yana ta danna masa hon a baya.