Talabijin Don Mai Kwance

Rabilu ya cire takalmi, ya share simintin shagon da tafin hannu, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin jerin talabijin ɗin da ke rataye a bango.

"Kunna na tsakiyan," ya ce daga ƙasa.

Mai shagon, Maulud, ya tsaya da rimot a hannu yana kallonsa. Haifaffen Makka ne, iyayensa mutanen Damagaram, Hausarsa duk ta sha Larabci. Ya daɗe yana sayar da kayan wuta na hannu a kasuwar gwanjo ta Haraj da ke kudancin Riyad, ya ga masu tayin wulaƙanci, ya ga masu duba kaya kamar za su aure su, amma mai kwanciya bai taɓa gani ba.

"Ya ahi, ɗan'uwa, lafiya? Juwa kake ji?"

"Lafiya lau. Kunna dai."

Ya kunna. Tashar tseren raƙuma ce. Ga wanda ke tsaye hoton tar yake, amma daga inda Rabilu yake raƙuman duk sun koma baƙaƙe, yashin ya yi launin toka. Ya girgiza kai, ƙeyarsa na gugar siminti.

"Wannan bai yi ba. Na gefensa."

Wanda zai kalli talabijin ɗin ba a tsaye zai kalla ba, ba kuma a zaune ba. Idrisu ne, mijin yayarsa Hansai. Tun farkon shigowar sanyi ya faɗo daga hawa na biyu a ginin da suke aiki can arewacin Riyad, ƙashin bayansa ya tsage. Likita ya ɗaure shi cikin wata rigar roba mai tauri daga wuya zuwa ƙugu, ya ce kwanciya rigingine, ba matashi, ba juyi, har sai ƙashin ya kama. Aka dawo da shi karafan, irin ɗakin kwanon nan da ake jawowa da mota a ajiye wa ma'aikata a gefen gini. Su huɗu ne a ciki. Da asuba ukun su fice, ba sa dawowa sai rana ta faɗi, shi kuwa daga shi sai silin.

Da farko yana hira. Sannu a hankali maganar ta ƙafe. Ya daina ɗaukar wayar Hansai, wayar za ta yi ta ƙara a kan ƙirjinsa har ta gaji. Sai abinci ya biyo baya, cokali biyu ya datse haƙora. Shekaranjiya, Rabilu na goge masa jiki da tsumma, sai ya ce, "In ta Allah ta kasance, kada ku wahalar da kanku da kai gawa gida. Nan ma ƙasa ce." Daga nan bai ƙara cewa uffan ba.

Maganar nan ta hana Rabilu sakat. Shi ya samo wa mutumin nan biza, shi ya yi ta lallashin Hansai har ta bar shi ya taho. Abokan ɗakin suka ce kaɗaici ne kawai, ko ɗan lafiya ka ajiye shi yana ƙirga ƙusoshin silin sai ya zautu. Aka yi karo-karon kuɗin talabijin aka damƙa wa Rabilu, tunda Juma'a ce kaɗai ranar hutu. Ana idar da salla ya kamo hanya.

"Duba wannan," in ji Maulud, ya dafa wani ƙato da ya kusa cika bangon. "Kabir, jadid, babba ne kuma sabo fil, wata balarabiya ce ta canza falo. Kai da mutanenka duk ku kalli ƙwallo, ka ga gumin ɗan wasa."

"Bangon karafan kwano ne da kwali, Alhaji. In na rataya wannan ya tsinko, a kan wa zai faɗo?"

"A kan wa kuwa?"

Rabilu ya gaya masa a gajarce, yana nan kwance. Bai ƙarasa ba sai ya lura bakin shagon ya yi duhu. Mutane ne suka taru, 'yan Bangaladash da wasu Sudanawa biyu masu dogayen riguna, suna dariya suna nuna shi da baki. Wani matashi har ya ɗaga waya yana ɗauka. Rabilu ya kare fuska da hannu. Abin da ya rage ke nan, a gan shi a waya yana birgima a kasuwa, ya kai ga manajan kamfani, ko ya kai gida a ce ƙanin ma ya taɓu.

Maulud ya yi kansu da rimot. "Yalla, yalla! Sinima ce? Sauke wayar nan, kai yaro, goge hoton."

Da suka watse ya dawo yana huci. Ya tsaya ya dubi farar jallabiyarsa, ya dubi simintin, sai ya jawo wani kwali ya shimfiɗa. Da ƙyar da nishi ya kai ƙasa, ya miƙe kusa da Rabilu, tumbinsa ya yi tozo.

"La ilaha illallah," ya ce. "Shekara nawa ina sayar da su, ban san haka suke daga nan ba. To wannan ai duk shara ne."

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, manya biyu a kwance, Maulud na harba rimot sama. Wani ya yi duhu, wani ya yi fari fat, wani hoton ya fito amma nauyinsa ya fi ƙarfin bangon. Rana tana ta yin ƙasa. Rabilu ya fara jin haushin kansa, da haushin masu ƙera abin, waɗanda ko sau ɗaya bai faɗo musu a rai ba cewa akwai wanda ba ya iya zama.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Hansai ce, kuma kiran bidiyo. Ya tashi zaune da sauri, ya juya baya ga talabijin ɗin.

"Yaya, ina wuni?"

Ba ta amsa gaisuwar ba. Idanunta sun kumbura, ɗankwalin ma a karkace yake. "Ba ni shi."

"Na ɗan fito kasuwa ne. Yana nan, da sauƙi."

"Kullum da sauƙi. Kullum yana barci, kullum ka fito." Ta matso da fuskarta har ta cika wayar. "Rabilu, ka dubi girman Allah ka gaya mini. Baban Khalida yana da rai?"

"Haba Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda mutane suka fara yi mini a nan. Jiya wata ta shigo ta zauna tana ta kallona, ba ta ce komai ba ta tashi. Ni ba yarinya ba ce. In takaba ta hau kaina gara in sani." Ta ja da wayar baya. "Yau nake so in ga fuskarsa. In ban gani ba, na san abin da kuke ɓoyewa."

"Za ki gan shi."

"Yau."

"Yau, in sha Allahu. Kafin magaribarmu ta nan."

Ta kashe. Ya zauna da wayar a hannu, yana mamakin bakin da ya yi wannan alkawari. Mutumin da ko sallama ba ya amsawa, da me za a sa shi ya dubi waya? Sai kuma wani abu ya faɗo masa. Ledar magunguna. Kullum a saman kwaba yake ajiye ta, ya ba shi da hannunsa ya mayar. Yau saboda saurin fita sai ya ajiye ta a gefen katifa, kusa da gorar ruwa da kwanon shinkafa, ya ce masa in la'asar ta yi ya sha biyu. Ledar gaba ɗaya, har da masu ƙarfin nan na rage zafi, a inda hannunsa ke kai wa.

Ya yi a'uziyya. Idrisu mutum ne mai salla, ba zai kashe kansa ba. Amma ai Idrisun da ya sani ba zai ƙi ɗaukar wayar matarsa ba. Ya kira lambarsa, ta yi ta shiga har ta tsinke. Ya kira Gali, ɗaya daga abokan ɗakin.

"Muna kasuwar Baɗha mu biyu, mun zo aika saƙo gida," in ji Gali cikin hayaniya. "Ba kai ka ce ba za ka daɗe ba?"

"Ɗan'uwa," in ji Maulud daga ƙasa, "zo ka ga wannan."

Can ƙurya ne, wani ƙarami tsoho mai kaurin gilashi, an jingine shi a saman firiji. Rabilu ya koma ya kwanta don kada ya yi wa mutumin rashin kunya, hankalinsa ba ya wurin. Raƙuman suka fito da launinsu, yashin ja, har igiyar hanci ana gani.

"Shi ne. Naɗe mini."

"Ba za ka taya ba?"

"Naɗe kawai, Alhaji."

Maulud ya tashi ya sauko da shi. Ya naɗe shi da tsohon bargo, ya haɗa masa da ƙarfen rataya da ƙusoshi, ya fita da kansa ya tsayar masa da wata ƙaramar motar ɗaukar kaya. "Allah yashfi, Allah ya ba shi lafiya," ya ce yana rufe masa ƙofa. "In bai yi ba ka dawo da shi."

Hanyar ta yi masa tsawo kamar ba za ta ƙare ba. Direban, wani Bapakistane, sai sauraren waƙa yake yana taunar wani abu, duk danja sai ta tsayar da su. Rabilu ya rungume talabijin ɗin a cinya da hannu ɗaya, ɗayan yana ta kiran lambar da ba a ɗauka. Suka bar cunkoson kudu, suka wuce dogayen gine-ginen gilashi, gari ya fara sirancewa, sai fili da kwarangwal ɗin gidaje. Tsoro yake ji, tsoro sosai. Ya yi ta tsara abin da zai ce wa Hansai, duk wanda ya tsara sai ya ji ba zai faɗu ba.

Wurin aikin shiru, bai ga kowa ba sai mage a kan tulin bulo. Ya sauka tun motar ba ta gama tsayawa ba. Ya tura ƙofar karafan da kafaɗa, hasken yamma ya shiga ya sauka a kan katifar.

Idanun Idrisu a buɗe suke, suna kan silin. Rigar robar tana ɗagawa tana sauka a hankali. Ledar na nan yadda ya ƙulle ta, ko na la'asar ɗin bai sha ba. Shinkafar ta sandare a kwano.

Rabilu ya ajiye talabijin ɗin a gefe. Ya ɗauke ledar ya cilla saman kwaba.

"Yaya Idi, na dawo. Ka ga abin da muka samo maka." Ya durƙusa a gefen katifar. "Yaya Hansai ta kira. Na yi mata alkawari za ta gan ka yau."

Ko ƙiftawa bai yi ba.

Ya kwance bargon, ya jona waya a soket, ya danna. Ba abin da ya motsa. Ya sake dannawa, ya jijjiga wayar, sannan ya tuna. Ranar Juma'a mai gadi kashe janareta yake yi, ba ya tayarwa sai an kira magariba. Duk wahalar nan, duk birgimar nan a gaban mutane, ga shi ya zo da baƙin gilashi. Ya ji kamar ya zauna ya yi kuka.

Maimakon haka ya ce bari ko wurin ratayewa ya nema kafin wuta ta zo. Ya tsaya a gefen katifar, ya ɗaga talabijin ɗin da hannu biyu sama da ƙirjin Idrisu, ya karkato fuskarsa ƙasa.

"Daga nan kana gani? Ko in ƙara matsawa baya?" Yana magana ne kawai don kada ɗakin ya yi shiru. Ya fara ja da baya.

"Tsaya."

Muryar a dishe take, kamar ta wani. Rabilu ya ƙame.

"Dawo da shi yadda yake."

Ya dawo da shi. Idanun Idrisu sun bar silin, sun kafe a kan gilashin. Rabilu ya leƙo ta gefe don ya ga abin da yake kallo. Hasken ƙofa ya haske katifar, ga mutum nan a cikin baƙin gilashin, kumatu sun zurma, gemu ya haura har ƙasan ido, rabinsa furfura, leɓe duk ya tsage. Idrisu ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa haɓarsa, na cikin gilashin ma ya taɓa.

"Ni ne wannan?"

Rabilu ya yi nadamar ɗaga abin, ya so ya janye, amma an ce ya tsaya. Damatsansa suka fara karkarwa. Wani siririn hawaye ya gangaro daga gefen idon Idrisu ya shige kunne.

"Haka kake so ta gan ni?"

"Yaya, ita dai ta gan ka. Cewa take ka mutu muna ɓoye mata."

Idrisu ya rufe ido. A waje aka ji mai gadi yana jan ƙafa ya nufi wajen janareta. Wayar Rabilu ta fara ƙara a aljihu, ba hannun da zai ɗauka da shi.

"Sauke abin nan kafin ka ƙarasa ni da shi," in ji Idrisu, idonsa a rufe. "Injin askina na cikin jaka, ƙarƙashin gadon Gali. Da batir yake aiki."

Rabilu ya ajiye talabijin ɗin a ƙasa, ya durƙusa ya jawo jakar, ya zuge zif. Wayar ta tsinke, ta sake kamawa.

"In ɗauka?"

"Rubuta mata ta ɗan jira." Ya buɗe ido, ya ɗaga haɓa iya inda robar ta bar shi. "Fara da nan ƙasa. Kuma ka bi a hankali, na san hannunka."