Ƙwaryar Alƙasum Daban

"Ja numfashi," in ji majo, babban ma'aikacin jinya, yana fassara maganar likitan huhu. Alƙasum ya ja, tari ya sarƙe shi.

Likitan daga Yamai yake zuwa asibitin Tawa jefi-jefi, ba shi da lokacin hira. Ya ɗaga hoton ƙirjin wajen taga, ya ce tarin fuka ne. Sannan ya dubi haƙarƙarin mutumin, ya yi wata magana da Faransanci.

"Lokotoro na tambaya, kana cin abinci?"

"Ina ci, alhamdu lillahi."

Matarsa Sauda ta gyaɗa kai daga bakin ƙofa. Iyakar saninta ke nan. Tun da damina ta ƙi a ƙauyensu Takanamat, kunun jar dawar taimako take damawa, ta miƙa ƙwarya guda gare shi da 'ya'yansa maza. Ba ta san mijin nata ya ƙware ba: ya tsoma ludayi, ya kai baki kusan wayam, ya tura wa na kusa, har da gyatsar ƙarya. Yaran dai ba su rame sosai ba.

"Ga magani," in ji majo. "Amma in bai ci ba, mutuwa za shi yi. Ke, ki raba mishi ƙwaryatai da ludayinai. Abin da ya rage kak ki ba ɗiya. Zubda shi."

"In zubda abinci? Bana?"

"Ko kina so yaran su ma su ɗauka?"

Motar 'yan kasuwa ta mayar da su gida da la'asar. Sauda ta dama kunu, ta zuba wa maigida nasa daban.

"Wanga ya yi min yawa," in ji shi.

"Rabonka na, malam."

Kafin ya gyara zama yaran sun gama da tasu, sun zuba masa ido. Ya kurɓa kaɗan, ya ture ƙwaryar kamar yadda ya saba. Autan, Almustafa, ya miƙo hannu. Sauda ta buge hannun, ta ɗauki ƙwaryar ta nufi bayan darni, ranta a ɓace. Yaron ya bi ta yana kuka.

"Sauda," in ji Alƙasum. "Kawo."

Ta kawo. Kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya juya wa 'ya'yansa baya, ya shanye kunun tas, ya suɗe ƙwaryar da yatsa.